Wata tara ina tura bidiyon goɗiyata danda ga alƙalan intanet: ga yanda muka kwashe

Salam jama'a. Tun watan jiya nake cewa zan zauna in rubuto yanda ta kaya tsakanina da sabis ɗin nan na gasar doki ta bidiyo, yau dai Allah ya yi. Ga wanda bai san shi ba, ka hau dokinka ne a filin da ka saba atisaye, wani ya tsaya da waya ya ɗauke ka daga farko har ƙarshe, ka tura musu ta intanet, su miƙa wa alƙali ya kalla ya saka maki ya rubuta ra'ayinsa, bayan 'yan kwanaki takarda ta shigo maka ta imel. Ba neman motar ɗaukar doki, ba tashin asuba, ba dokin da zai firgita da baƙon wuri. Irin waɗannan kamfanonin sun yi yawa tun 2020 da korona ta rufe filayen gasa, tsarinsu kuma kusan ɗaya ne, shi ya sa ma ba zan kama sunan wanda na yi hulɗa da shi ba, akwai yabo a maganata akwai kuma ƙorafi, ba na so a ce na zo ɓata wa wani sana'a.

Ni ba son ribon ne ya kai ni ba. Goɗiyata danda ce, fari da baƙi manya-manyan faci kamar an watsa mata fenti, ƙafafunta uku farare tas har gwiwa, ta gaba ta hagu kuma baƙa wuluk, ga farin goshinta bai sauko a miƙe ba, ya karkace ya nufi hancin dama. A idona babu dokin da ya kai ta kyau, amma shekara biyu ina zuwa ƙananan gasa da ita kusan kullum sai na dawo da takarda an rubuta taku bai daidaita ba, ko kai ya karkata, alhali ni da nake kanta ban ji komai ba. A barga kuwa kowa da fatawarsa, wannan ya ce ai alƙalan diresaj ba sa son doki mai kala, wancan ya ce sayar da ita ka nemi bikili (jan doki mai baƙar geza) ko akawal (baƙin doki) in maki kake so, har na fara yarda. Sai na ce to bari in nemi inda alƙalai daban-daban za su kalli doki ɗaya a fili ɗaya wata bayan wata, in ga ko maganar tana da tushe.

Bari in ɗan yi wa waɗanda ba 'yan harkar ba bayani kar in bar su a baya. Diresaj gasa ce ta nuna horon doki, ba tsere ba tsalle, fili ne mai faɗin mita 20 tsawon mita 40 ko 60, an kafa haruffa a gefe, A K E H C M B F, kai kuma an ba ka jerin abun da za ka yi a kowane harafi, nan ka shigo da sassarfa, nan ka yi da'ira, nan ka koma tafiya, nan ƙaramar sukuwa, nan ka tsaya cak ka gaida alƙali. Kowane motsi ana ba shi maki daga 0 zuwa 10, ana ba da rabi ma, 5 na nufin ka dai yi, 6 ba laifi, 7 da dama, 8 ya yi kyau, 10 kuwa irinmu sai dai mu ji labari. Wasu motsin ana ninka makinsu, a ƙarshe a haɗa a fitar da kashi cikin ɗari. Abun da alƙali zai duba a rubuce yake, daidaiton taku, sakin jiki, yanda bakin doki ya karɓi linzami, ƙarfin da ke tasowa daga ƙafafun baya, miƙewa, sai tattara jiki. A dokokin FEI, hukumar wasannin doki ta duniya da aka kafa a 1921 mai hedikwata a Lausanne ta Suwizalan, babu inda aka ce a ƙara ko a rage maki saboda kalar gashi. To amma takarda daban, idon ɗan Adam daban.

Rajistar ba ta ba ni wahala ba, fom ne gajere, sunanka, sunan doki, matakin da kake, ka zaɓi jarabawar da za ka hau cikin na watan ka biya. Abun da ya burge ni tun a nan, fom ɗin bai tambayi kala ba bai tambayi asalin doki ba, ba ruwansu ko uban dokinka zakara ne ko amalanke yake ja. Ƙa'idar ɗaukar bidiyon ce mai tsauri, mai ɗauka zai tsaya a harafin C inda alƙali ke zama a gasar gaske, waya a kwance ba a tsaye ba, ba yanka ba haɗi, kar a kashe sauti, kuma doki da mahayi su fito gaba ɗaya koda yaushe. Karon farko sau huɗu muna maimaitawa, ƙanena da ya riƙe wayar in na yi nisa sai ya manta ya jawo hoton mu koma kamar ƙuda a ƙarshen fili, in na matso kuma ya yanke mun kai. Wajen lodawa ne na fara jin haushinsu, bidiyon minti biyar da ɗoriya ya kusa ƙarewa sai ya tsaya cak, ba saƙon da zai gaya maka me ya faru, sai da na rubuta musu suka ce ai fayil ɗin ya yi nauyi in rage shi, to me ya hana ku rubuta iyakar nauyin tun farko? Har yau ba su gyara ba.

Takardar farko ta zo bayan kwana shida, a nan na fara ganin amfanin kuɗina. A gasar ido da ido alƙali 'yan daƙiƙu gare shi ya furta maki da kalma biyu marubucinsa ya rubuta kafin motsi na gaba ya zo, wani sa'in rubutun ma sai ka nemi mai karanta maka, nan kuwa an buga shi tsaf, kowane motsi da makinsa da dalilinsa, a ƙasa kuma ga shawara. Na samu 6 da 6.5 a yawancin wurare, 7 a tsayuwar ƙarshe. Amma ga ta nan dai, a sassarfar da ake ratsa fili daga kwana zuwa kwana, 5.5, wai wasu takun ba su yi daidai ba. A layin tsakiya kuma, kai ya ɗan karkata dama. Na ce shikenan, ko ta bidiyo ma ba mu tsira ba.

Wata na biyu wata alƙaliya ce daban, ita ba ta ce uffan kan taku ba ta ba ni 6.5 a wurin, amma ta maimaita maganar kai. Wata na uku alƙalin farko ya dawo, maganar taku ta dawo. Na ce wannan mutumin danda ce kawai ba ya so.

Kafin in ɗora wa kowa laifi sai na kira likitan dabbobi, dan in alƙali ya ce taku bai daidaita ba abu na farko da ya kamata ya faɗo maka a rai ɗingishi ne, ba son kai ba. Ya zo ya sa aka ja ta da sassarfa a ƙasa mai tauri, a miƙe da kuma a da'ira, ya lanƙwasa kowace ƙafa ya riƙe ya saki aka sake ja, ya matsa kofato ɗaya bayan ɗaya, ya ce lafiyarta ƙalau. Sai ya ƙara da wata magana da ta tsaya mun a rai, ya ce shi kansa in zai duba doki mai ƙafa ɗaya daban da sauran ba ya sakin jiki da abun da idonsa ya gani a ƙafafun, kan dokin yake kallo da ƙugunsa, sannan ya saurari ƙarar kofato, saboda a sassarfa ƙafafu bibbiyu suke tafiya a gicciye, ta gaba ta hagu tare da ta baya ta dama, ta gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, to in ɗaya fara ce ɗaya baƙa ido farar yake bi, sai ka ga kamar farar ta fi ɗagawa ta fi miƙawa, baƙar kuma kamar tana makara, balle in ƙasan filin mai duhu ne ko akwai inuwa. Na ce likita ashe dai ba ƙarya nake ba. Ya yi dariya ya ce ni ban ce alƙali ya zalunce ka ba, cewa na yi ido yana ruɗuwa, kar ka haɗa su.

Sabis ɗin suna da wani ɓangare da ba gasa ba, na neman gyara kawai, ka tura a ba ka maki da shawara amma ba a jera ka da kowa, kuma a nan sun yarda a naɗa wa doki bandeji a ƙafa, abun da aka hana a gasar diresaj ta gaske. A duk abun da suke sayarwa wannan na fi so. Na naɗe ƙafafun huɗu da farin bandeji iri ɗaya, na hau jarabawar nan dai a filin nan dai na tura. Takarda ta dawo ba maganar taku ko ɗaya, 6.5 a ratsa filin. Na yi ta yawo da waya a barga ina nuna wa mutane, ga hujja ga hujja. Malamin da ke koya mun hawa ne ya kashe mun jiki, ya ce wane alƙali ne ya duba? Na leƙa sai na ga ashe wani ne na uku, ba mutumin da nake zargi ba. Ya ce to ka canza ƙafa ka canza alƙali ka canza rana, kai kanka ranar ka fi natsuwa tunda ka san ba gasa ba ce, wanne ne a ciki ya kawo makin? Na yi shiru. Na rubuta wa kamfanin na roƙi a ba alƙalin farko bidiyon, ko a ba alƙalai biyu bidiyo ɗaya in biya kuɗin biyun, suka amsa cikin ladabi cewa tsarinsu ba ya barin mahayi ya zaɓi alƙali. Na gane dalilin, in an bari kowa zai gudu wurin mai sakin hannu, amma a ɓangaren neman gyara me zai ɓaci dan Allah? Wannan shi ne babban giɓin sabis ɗin a wurina.

Malam ne ya kawo dabarar da ta fi tawa, ya ce in aro bikilin wata 'yar bargarmu, jan doki mai baƙar geza da baƙaƙen ƙafafu, irin kalar da ta cika kowane filin diresaj, ba ɗigon fari a jikinsa, in hau jarabawar da shi in tura. Sau biyu na yi. Jama'a kun san me aka rubuto a ɗaya daga ciki? Kai ya karkata dama a layin tsakiya. A kan dokin da ba shi da farin goshi ko na misali! Sai a lokacin na zauna na kalli bidiyoyina a hankali ina tsayarwa ina komawa baya, na ga hannuna na dama ya fi nauyi, ina ja da shi ban sani ba, hancin doki kuma ya bi shi. Shekara biyu ina zagin farin goshin baiwar Allah, ashe gwano ne ba ya jin warin jikinsa. Abun da zan iya cewa dai a kan goɗiyar karkatar ta fi fitowa, layin farin nan kamar da alli aka ja shi dan a nuna wa alƙali, a kan bikilin alƙali ɗaya ya gani ɗayan ya wuce, a kanta kuwa da wuya a wuce. Maganar taku kuma ba ta taso ba a kan bikilin sam, duk da a jikina na ji bai kai ta iya sassarfa ba. Jimillar makin dawakan biyu ta zo kusa da kusa, ratar ba ta kai wadda nake gani tsakanin alƙali da alƙali a kan doki ɗaya ba.

Ban ce maganar 'yan barga iska ce gaba ɗaya ba fa. A Birtaniya akwai tantance dukushi da ake kira Futurity, ana duba ƙirarsu da tafiyarsu tun suna ƙanana, an yi bincike a kan makin da aka bayar na shekaru da dama aka ga danda da masu ɗigo-ɗigo suna zuwa ƙasa da sauran kaloli in an ɗauki matsakaici. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai kala ba ita kaɗai take zuwa ba, da jini take zuwa. Masu kiwon dawakan wasanni a Jamus da Holan sun daɗe suna gudun danda, shi ya sa ingarman nan Samber da aka haifa a Holan a 1976, wanda ƙungiyar kiwo ta KWPN ta amince da shi duk da danda ne, har yau ake ambatonsa, dandar wasanni da yawa in ka bi salsalarsu wurinsa za ka tsaya, har da ɗansa Art Deco da ya yi suna a Amurka. In an ɗauki tsawon zamani ana tace bikili da akawal dan tafiya mai kyau, danda kuma ana kiwonta dan kala ko dan jan kaya, ba abun mamaki ba ne a ga rata a maki ko da alƙalin bai san fari bai san baƙi ba.

Haka in ka dubi manyan zakaru. Totilas da Edward Gal ya fara haura kashi 90 da shi a 2009 akawal ne, Valegro na Charlotte Dujardin mai zinaren Olamfik na Landan 2012 da Rio 2016, wanda ya kafa tarihi da kashi 94.3 a gasar Olympia ta Landan a 2014, bikili ne mai duhu, Dalera da Jessica von Bredow-Werndl ta ci zinare da ita a Tokyo da Paris ita ma haka. Mutum zai ce ka gani ko, duk masu duhu. To ai dama yawancin waɗanda ake haifa a wannan jinin masu duhun ne, kuma da kili, wato farar goɗiya, ta zo da abun a jikinta ba a hana ta ba, Blue Hors Matiné da Andreas Helgstrand sun ɗauki azurfa a hawan kiɗa na gasar duniya a Aachen a 2006. Na san masoyan Fuego, kilin Sifaniya na Juan Manuel Muñoz Díaz da ya tada 'yan kallo tsaye a gasar duniya ta Kentucky a 2010 amma bai samu lamba ba, har yau gani suke an danne shi, sai dai ko su maganar jinsi suke yi, dokin Andalus a gaban idon da ya saba da dawakan Jamus da Holan, ba maganar fari ba.

Son rai kam akwai shi. Binciken da Inga Wolframm ta fitar a 2023 kan makin manyan gasannin diresaj ya nuna alƙalai na karkata ga mahayan ƙasarsu, ga wanda ya riga ya yi suna, ga kuma wanda ya shigo fili daga baya-baya, ba banza ba a Olamfik ake zuba alƙalai bakwai a kewayen fili. Ta nan sabis ɗin bidiyo yana da nasa ƙarfin, alƙalin bai san ni ba bai san malamina ba, ba 'yan kallon da za su yi mishi tafi a kunne, amma kuma ido ɗaya ne tak daga wuri ɗaya, harafin C, kuma daga C fuskar doki ce take tunkaro ka a layin tsakiya, daidai inda karkataccen farin goshi zai fi yi maka illa. Alƙalin da ke zaune a gefe, a E ko B, shi ya fi ganin taku da kyau, a bidiyo kuwa babu shi.

Wanda abun ya dame shi sosai ya koma tsallake shinge, can sanda ba ta san kala ba, ka kada ita laifi 4, doki ya ƙi tsallakawa 4, agogo na nasa lissafin, Milton na John Whitaker kili ne kuma farinsa bai taɓa ɗaga mishi sandar da ta faɗi ba. Akwai kuma gasar nuna jinsi inda kala ke cikin ƙa'ida a fili, Friesian baƙi ake so, ɗan tauraron fari a goshi kaɗai ake iya ɗaga wa ƙafa, Cleveland Bay dole bikili, ƙungiyar Quarter Horse ta Amurka ma sai a 2004 ta janye dokar da ke hana rajistar mai farin da ya yi yawa. Can an gaya maka tun kafin ka shiga, ba ka da bakin magana.

Abun da ba wanda ya gaya mun, kuma ya kamata kamfanin su rubuta shi da manyan baƙi, kyamarar waya ita ma alƙali ce. Doki mai fari da baƙi a jiki ɗaya ruɗa ta yake, in ta daidaita haskenta a kan farin sai baƙin ya zama dunƙulen duhu ba ka gane inda ƙafa ta ƙare inuwa ta fara, in ta bi baƙin kuma farin ya ƙone ya koma kamar fitila. Watan da na ɗauka da tsakar rana shi ne mafi munin makin da na samu, da na kalla daga baya wallahi ni kaina ban ga baƙar ƙafar ba a rabin bidiyon, sai ka ce doki mai ƙafa uku ne yake sassarfa. Tun daga nan sai da sassafe ko in akwai gajimare, rana a bayan mai ɗauka, a danna allo a kulle hasken kafin a fara. Mai akawal a rufaffen fili mai ƙarancin fitila shi ma zai sha irin wannan, mai gunya (doki mai hasken gashi) ko kili a kan farin yashi haka. Kuma a wanke farin da kyau, ba wai ana ba da makin wanka ba ne, amma tabon kashi a cinyar farin doki daga ƙarshen fili ake hango shi, kuma yana ɗauke ido daga inda kake so a kalla.

A duk takardun da na karɓa sau ɗaya tak aka taɓo kalarta, wata alƙaliya ta rufe shawararta da cewa goɗiyar tana da ɗaukar ido. Na daɗe ina juya maganar, yabo ne ko habaici? Ranar kuma makina ya ɗan fi na kullum, ka ga in zargi zan bi sai in ce wannan karon kalar ce ta ƙara mun. Ranar da goɗiyar ta saki jiki fararen ƙafafun nan walƙiya suke kamar ta fi kowa ɗagawa, ranar da muka yi shirme kuma ba mu da wurin ɓuya. Cikin bikili ashirin alƙali zai iya manta wane ne ya yi me, danda ɗaya kuwa ba a manta ta.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Fitowar sakamako ba ta da tabbas, sun ce mako ɗaya, an taɓa kai ni kwana goma sha biyu ba ko saƙon ban haƙuri. Alƙalan ba ɗaya suke ba wajen rubutu, akwai mai cika maka takarda har ya gaya maka atisayen da za ka yi, akwai wanda zai ajiye kalma ɗaya a gaban 5.5 ya wuce abunsa, kuɗin kuma ɗaya ka biya. Suna sa sunan alƙali amma ba sa faɗin matakinsa, ni kuma ina so in san wanda ya saba da manyan gasa ne ko sabon shiga. Ribon ɗin wata na huɗu da suka ce sun aiko har yau bai iso ba, ban bi sawu ba tunda na biyar na zo, ba abun ratayawa a bango ba ne. Amma duk sanda na rubuta musu mutum ne yake amsawa ba inji ba, kuma da aka yi kuskuren haɗa jimilla sau ɗaya na nuna musu, a ranar suka gyara suka ba da haƙuri.

In da mudunsu zan auna su 7 zan ba su, rabin makin da zai kai su 7.5 yana wurin lodin bidiyo, 8 kuwa sai ranar da suka bari alƙalai biyu su duba hawa ɗaya. Mai doki mai baƙuwar kala, danda ne, gunya ne, mai ɗigon damisa irin Appaloosa ko Knabstrupper ne, in yana jin ana cin zalinsa a fili ya gwada, amma ya shiga ta ɓangaren neman gyara, ya yi aƙalla wata huɗu dan takarda ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, in da hali kuma ya aro doki mai kalar gama-gari ya hau sau ɗaya ko biyu, duk laifin da ya biyo shi daga wannan sirdi zuwa wancan nasa ne. Mai neman hujjar da zai kama alƙalai da ita kuwa kar ya ɓata kuɗinsa, ba za su ba shi ba.

Ni dai ban sayar da ita ba. Na sake rajistar wata mai zuwa, mataki na gaba, akwai tsawaita sassarfa a ciki, ina ganin fararen ƙafafun za su yi mana rana in ta ga dama. Malam ya ɗaura mun ɗan madauri a gaban sirdi in riƙa saƙala yatsan dama a ciki har hannun ya koyi zama wuri ɗaya, sati uku kenan kafaɗata na ciwo, ƙanena kuma ya ce in ba zan sayi abun kafa waya ba in nemi wani mai ɗaukar.